Labarin Gidana a Zauren Maitama

Azumin bana a tsakiyar zafi ya same mu. Kafin azahar rufin kwano ya fara ƙara, yara su jiƙa zani su kwanta a kan siminti, kowa idonsa na kan agogo. Jiya autata Maryam ta tambaye ni ko na taɓa yin azumin da ya kai wannan wuya. Na ce mata na yi, sai dai shi babu ƙishirwa a cikinsa ko kaɗan. A damina ya zo, muna zaune a Karmo, ita kuma tana goye a bayana.

Shekarun ne da kuɗi suka yi yawa a Abuja. Soja sun daɗe da komawa bariki, ko'ina ka duba gini ake yi, tifofi na jigilar yashi ba hutawa, ɗan kwadago ma da wayarsa a aljihu. Maigidana, Malam Lawal, ya samu nasa rabon. Direba ne, ya daɗe yana tuƙa wani Bature a Maitama, har ya tara abin da ya gina mana ɗaki biyu a wata unguwa ta bayan gari. A shekara guda Baturen ya koma ƙasarsu, aka kuma rushe unguwar gaba ɗaya. Muka kwashi abin da ya saura muka kama ɗaki ɗaya a wani gidan haya a Karmo.

Da farko Malam yana fita neman aiki. Daga baya ya rage fita. Daga nan sai ya daina. Zai zauna a kan tabarma yana fuskantar bango tun safe har dare, ba ya faɗa, ba ya kuka, ba ya tambayar komai. Wanka sai na matsa masa. Maƙwabta na ce musu ciwon baya ne ya kwantar da shi, irin na direbobi, suka yi ta aiko da man zafi da saiwoyi. Ni kuma na fara suyar kifi a bakin hanya. Da sassafe in je kasuwar kifi ta Kado in saro, in dawo in wanke, da yamma in kafa kasko.

Damina a Karmo ba irin ta ƙauye ba ce, inda ruwa ke sauka a gona mutum ya yi murna. A nan laka yake zama. Jar laka mai santsi, wadda ke cire wa mutum silifa ta riƙe. Mai ruwa ba ya iya shigo da kurarsa lungunmu, saboda haka muka jera robobi a ƙarƙashin indararo, ruwan ya sauko da tsatsar kwano, mu bar shi ya kwanta. Itace kullum a jiƙe. Kananzir ya yi tsada, sai matan gidan muka haɗa murhu ɗaya a ƙarƙashin rumfar leda, ana girki bi da bi. Wadda ta samu wuta ta kama ba ta barin ta mutu, za ta ƙwala wa ta gaba kira ta ɗora tukunyarta. Kayan yara ba sa bushewa. Katifa da tabarma da hijabi duk wari ɗaya suke yi, warin danshi, har mutum ya daina jin sa. Da azumi ya kama, yunwa ce ta fi damunmu, domin sanyi na cinye abin da aka ci da sahur tun kafin hantsi. Sahur ɗin ma sau da yawa ɗumamen tuwo ne da ruwan zafi. In ruwa ya tsuge da yamma ba mai tsayawa sayen kifi, sai in kwaso shi mu ci wanda za mu ci, sauran in sake soya shi washegari.

Akwai wata ƙungiya mai tallafa wa iyalai da ke aiki a unguwar tare da wani ofishin gwamnati. Ma'aikaciyarsu, Malama Saratu, 'yar kudancin Kaduna ce, siririya, kullum da takalmin roba da laima. Ita ta taimaka aka mayar da ɗana Nura makaranta. Takan zo mu tsaya a bayan ɗaki, kusa da taga, mu yi magana ƙasa-ƙasa. Ita kaɗai na gaya wa gaskiyar ciwon Malam. Ita kaɗai kuma ta san ranar da na shigo na same shi riƙe da ƙullin maganin ɓera yana jujjuya shi a hannu, na karɓe.

Ana saura 'yan kwanaki a fara azumi ta zo ta ce za a yi wa ma'aikata horo a kan ƙa'idojin ingancin aiki, wato yadda ya kamata a riƙa mu'amala da iyalai. Ta ce a cikin ƙa'idojin akwai cewa dole a saka iyaye a cikin shawara, don haka kowace unguwa za ta tura mata biyu.

"Ke kin yi sakandare, Maman Nura, za ki gane abin da ake faɗa. Za a biya kuɗin mota, akwai kuma abinci."

"Kaskona fa?"

"Ki yi shawara da matan gidanku."

Matan gidan suka ce in je. Ɗaya ta ɗauki saro kifi, ɗaya wankewa da sa gishiri, ni in na dawo da wuri in soya. Ta biyun da aka zaɓa ita ce Maman Ndagi, Banufiya, ɗakinta na kallon nawa. Mutuniyar kirki ce, amma ba ta iya ganin abu ta yi shiru. In ta ji labari da safe, kafin la'asar ya kai bakin rijiya.

Kullum bayan asuba za ta buga ƙofata: "Maman Nura, ka fito, mota zai cika!" Mu ɗaure ƙafafu da leda, mu riƙe takalma a hannu, mu ratsa laka zuwa inda bas ke tsayawa. Sai mun hau kwalta mu cire ledar. A Maitama ruwa ɗaya ake yi da na Karmo, amma can yana bin magudana ya wuce, ciyawa ta yi shar, masu gadi na zaune a ɗakunansu na bakin ƙofa suna sauraren rediyo. Nakan ga direbobi suna goge motoci a ƙofar gidaje, in kawar da kai.

A wani otal ake horon, a babban zaure mai kafet. Na'urar sanyaya ɗaki ba a kashe ta, mu kuma mun shigo a jiƙe da cikin azumi, sai mu yi ta rawar ɗari. Maryam nakan lulluɓe ta da hijabina. Da hantsi a kawo shayi da cincin da nama ga waɗanda ba sa azumi, ƙamshin ya cika wurin. Namu ana zuba mana a roba mai murfi, mu tafi da shi gida. Shinkafa da kaza ɗin nan ita ce buɗa-bakin ɗakinmu a waɗannan kwanaki, kuma ita ce abin da Malam ke ɗan ci da yawa.

Mai koyarwar ana ce mata Dakta Binta, 'yar Zariya, dattijuwa mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Za ta yi bayani da Turanci, sannan ta juyo wajenmu ta maimaita da Hausa. Abubuwan da take koyarwa ba masu wuya ba ne, amma ban taɓa jin an faɗe su a matsayin doka ba. Cewa ma'aikaci ba ya shiga gida sai an ba shi izini, kuma in an ce masa a'a ya koma. Cewa kafin a tambayi iyali abin da suka rasa, a fara tambayar abin da suka iya. Cewa in an tura mutum asibiti ko makaranta a koma a ji ko ya je, ko an karɓe shi. Ta fi daɗewa a kan riƙe sirri. Wani ma'aikaci ya ce ai mutanen unguwa ba su damu da sirri ba, kowa ya san na kowa. Dakta ta ce masa, "To bari mu tambaye su, ga su nan zaune." Maman Ndagi ta miƙe ta yi jawabi mai tsawo a kan muhimmancin rufe baki, aka yi ta tafi. Ni na san halinta, na sunkuyar da kai don kada in yi dariya.

A mako na biyu aka shiga kwaikwayo. Tun kafin a fara horon an ce kowane ma'aikaci ya kawo labarin wani gida da yake zuwa, a canza sunaye, a yi darasi da shi. Ranar wata Laraba, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya har ana jin sa a cikin zauren, Dakta ta ce za a ɗauki na gaba.

"Wata mata ce, mu kira ta Talatu. Tana suyar kifi a bakin hanya. Mijinta direba ne, aikinsa ya ƙare, an kuma rushe musu gida. Ya yi watanni bai fita ɗaki ba. Ta gaya wa maƙwabta ciwon baya ne. Rannan ta same shi da maganin ɓera a hannu."

Ta maimaita da Hausa. Ni dai na ji sanyin zauren ya bar jikina. Maman Ndagi na zaune a gefena, kafaɗarta na gogar tawa. Ban dube ta ba. Na hango Malama Saratu a can gaba ta ɗora hannu biyu a ka, sannan ta sauke su da sauri.

Aka fitar da kujera tsakiya aka juya ta ga bango. Wani babban ma'aikaci mai tumbi, cikin farar shadda, ya zauna a kai a matsayin mijin. Wata yarinya mai jan baki ta zama Talatu, tana ta murza ido tana shesshekar ƙarya, abin da ni ban taɓa yi ba. Wata kuma ta zama ma'aikaciya. Suka yi maganar makarantar yara, da jarin kifi, da asibitin da ake duba irin wannan ciwo. Mutane suka ba da shawarwari, wasu masu kyau. Wani ya ce aljanu ne. Wata ta ce lalaci ne kawai, namiji ya tashi ya nema. Dakta ta ce mata ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da suna, yana da magani. Mai farar shadda ya zauna shiru har aka gama, sannan ya miƙe yana miƙa, aka yi dariya aka tafa masa.

Da aka tashi sallar azahar Malama Saratu ta same ni a wajen famfon alwala.

"Maman Nura, ki yafe mini. Tun kafin a zaɓe ki na ba da labarin, wallahi na manta da shi. Ban nemi izininki ba. Ban kyauta ba."

"Ya riga ya faru, Malama."

"Zan gaya wa Dakta."

"Kada ki ƙara yaɗa shi."

"Ita kaɗai. Dole ta sani."

Ban hana ta ba. Kafin a tashi Dakta ta aiko aka kira ni wani ƙaramin ofis. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce laifin ba na Saratu kaɗai ba ne, ita ya kamata ta tambaya ko masu labarin sun yarda, ba ta tambaya ba, ta ɗauka canza suna ya isa. Ta ba ni haƙuri. Ta tambaye ni ko maganin ɓeran na cikin ɗakin har yanzu, na ce na zubar a masai. Ta ce akwai likita da take so ya gan shi, in ya yarda.

Sannan ta ce, "Abu ɗaya ya rage, kuma ke za ki yanke. Labarin nan ba naki ba ne ke kaɗai. Nasa ne. Ko za ki gaya masa an faɗe shi a nan, ko ba za ki gaya masa ba, ba zan ce miki komai ba."

Washegari ta gaya wa zauren cewa an yi amfani da labarin wani gida ba da izini ba, ba ta ce wanne ba. Ta dakatar da kwaikwayon, ta ce kowa ya koma ya nemi yardar masu labarinsa tukuna. Wasu ma'aikatan suka yi ta gunaguni, don sai sun shiga laka.

Amma a ranar Larabar, tafiya gida ce ta fi tsaya mini. Ruwa ya cika wata ƙaramar gada kafin Karmo, motoci suka yi layi, direbanmu ya kashe inji. Gilasai a rufe, numfashin mutane ya yi musu hazo. Maman Ndagi tun daga Maitama ba ta ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba. Magariba ta same mu a wurin. Wani ya ji kiran salla a rediyon wata mota ya faɗa, aka fara laluben jaka. Wani ɗan kasuwa Bakatsine ya miƙo dabino, wata mata Bayarabiya da ba ta azumi ta ba mu ruwan leda. Maman Ndagi ta buɗe robarta ta raba shinkafar da na kusa. Na kai hannu zan buɗe tawa ta dafe murfin.

"Ka bar naka. Ka kai gida."

Muka ci nata. Da mota ta fara motsi ta matso kusa da kunnena.

"Ƙanin babana ya yi irin wannan a Bida. Shekara biyu. Yanzu yana noma." Ta goge hannu da bakin zani. "Ni yau ban ji komai ba."

Na zauna ina jiran labarin ya fito a bakin rijiya. Kwana ɗaya, kwana biyu, mako. Ba wanda ya canza mini fuska, man zafi ma aka ci gaba da aikowa. Abu ɗaya ne ya canza. Mijinta, Baban Ndagi, mai faci ne a bakin titi, gaisuwa kawai ke haɗa shi da Malam. Wata yamma ya zo ƙofarmu da kofin kununsa, ya ja benci ya zauna a ƙarƙashin indararo, ya yi magana ta bayan labule.

"Oga direba, wani mota ya zo wajena, yana zafi yana zafi, an zuba ruwa bai daina ba. Mene ne?"

Ranar a tsakar gida nake suya. Na ci gaba da tsame kifi daga mai. Can sai na ji muryar Malam, a dishe: "A duba fanka."

"Fanka yana juyawa."

"To a duba gasket."

Iyakar maganar ke nan a ranar. Amma Baban Ndagi ya riƙa zuwa kullum dab da magariba, da kununsa da wata sabuwar matsalar mota. Wasu ina jin ƙirƙirar su yake yi. Ya sha ruwa a nan, ya tafi masallaci. Har yau ban san ko matarsa ta gaya masa ba, ko cewa kawai ta yi ya je. Ban tambaya ba, su ma ba su faɗa ba.

Aka gama horon a goman ƙarshe. Aka ba kowa takardar shaida, har da mu, aka ɗauki hoto a gaban otal. Da wannan takarda daga baya na samu aikin ziyarar gidaje, wanda na yi shekaru ina yi. Yanzu ma'aikata da waya suke zuwa, a karanta wa mutum bayanin izini ya danna yatsa a gilashin wayar. A lokacin baki ne kawai.

Maganar Dakta kuwa ta tsaya mini a rai har jajibirin Salla. Ranar an ɗan yi rana, na fitar da katifa na shanya, yara sun tafi wajen kitso da aski. Na shiga na zauna a bayansa. Na gaya masa komai: abin da na faɗa wa Malama Saratu, da zauren, da mutanen da ke ciki, da Maman Ndagi a gefena, da maganar likita. Ban rage ko maganin ɓeran ba. Na shirya wa fushi, har saki na shirya wa.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, yana kallon bango, "Wa ya zama ni?"

"Wani babban ma'aikaci ne. Mai tumbi."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Zama kawai ya yi."

"Ba wanda ya tambaye shi komai?"

Na yi tunani. "Babu."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To ai ya iya." Ya juyo rabi, abin da ya daɗe bai yi ba, na ga yadda gemunsa ya yi fari a 'yan watannin nan. "Duk maganar da kuke yi a bayan taga ina ji, Habiba. Ki ce wa malamar nan in ta sake zuwa ta yi sallama da ni. Ban kurumce ba."

Bai je Idi ba a shekarar. Bai warke da wuri ba kuma. Sai da aka yi ta zuwa asibiti, ana shan magani ana bari ana komawa, kafin ya samu tuƙin motar wata makaranta, aikin da ya riƙe har Allah ya karɓi abinsa.

Malama Saratu ta zo bayan Salla da 'yan kwanaki. Na tare ta a tsakar gida na gaya mata saƙonsa. Ta naɗe laimarta, ta cire takalmin robar a bakin ƙofa, ta tsaya a gaban labule da safa a kan jiƙaƙƙen siminti.

"Salamu alaikum, Malam Lawal. Saratu ce. Ko zan iya shigowa?"

Matan gidan suka yi kamar suna aikinsu. Ta tsaya, ba ta maimaita ba, ba ta dube ni ba. Har na fara tunanin in ce mata ta dawo wani lokaci.

"Wa alaikumus salam," in ji shi daga ciki. "Habiba, shimfiɗa mata tabarma."